WASAN LABARI A KAN TEBUR: WANE IRIN SHIRI YA ISHI JAGORA?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana damun duk wanda ya taɓa ɗaukar nauyin shirya wa jama'a wasa, ko malamin makaranta ne mai kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo, ko shugaban samari mai shirin tashe, ko kuwa ma'aikacin gidan rediyo. Tambayar ita ce, me ya kamata mutum ya tanada tun yana gida, me kuma ya kamata ya bari sai an hallara a fili? Wanda ya zo hannu rabbana yakan ji kunya a gaban jama'a. Wanda kuma ya rubuta kome da kome yakan wayi gari ya ga abokan wasansa sun zama 'yan amshin shata, har su gaji su watse.

Wannan tambaya ta fi tsanani a wani irin wasa da ya samo asali daga Amurka, wanda za a iya kiransa wasan labari na kan tebur. Wasan bai zama ruwan dare a ƙasar Hausa ba tukuna, amma fa ya dace da gari irin Garaku, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Kokona ta Jihar Nasarawa, wadda ke kan hanyar Keffi zuwa Akwanga, domin ba ya bukatar wutar lantarki ko waya ko kuɗin kati. Abin da yake bukata shi ne takarda da fensir da ƙwayar nan mai lambobi ta wasan ludo, sai kuma mutum huɗu ko biyar masu son hira.

YADDA WASAN YAKE

Mutum ɗaya ne jagora. Shi ne zai bayyana wurin da labari yake faruwa, da mutanen da ke wurin, da matsalar da ta taso. Sauran kuwa kowannensu zai ɗauki matsayin mutum guda a cikin labarin, wani maharbi, wani ɗan kasuwa, wani almajiri, ya riƙa faɗin abin da mutumin nasa zai yi. Idan abin da ya yi niyya yana da wuya, kamar ƙetare kogi a lokacin da ya cika, sai a jefa ƙwaya, lambar da ta fito ita za ta nuna ko ya dace ko bai dace ba. Ba a sa kuɗi, ba a cin kowa, saboda haka ba caca ba ce. Zama ɗaya yakan ɗauki awa uku ko huɗu, labari ɗaya kuma yakan ci gaba mako bayan mako har watanni.

Mafi shahara a cikin irin waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda waɗansu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar a shekarar 1974 a ƙarƙashin kamfanin TSR na garin Lake Geneva da ke Jihar Wisconsin. Bugun farko kwafi 1,000 ne kawai, cikin ƙananan littattafai uku. Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, shi ma kamfanin Hasbro ya saye shi a 1999, a 2014 kuma aka fitar da bugu na biyar na dokokin wasan. Shi wannan wasa har ƙwaya mai fuska 20 ake jefawa a cikinsa, amma akwai waɗansu da yawa da ƙwayar ludo mai fuska 6 ta ishe su.

Bambancin wannan wasa da wasan kwaikwayo na dandali shi ne babu 'yan kallo, 'yan wasan su ne masu kallon kansu, kuma babu wanda ya san ƙarshen labarin, har shi jagoran. A nan ne matsalar shiri take tasowa.

KUSKURE IRI BIYU

Sabon jagora, saboda tsoron kada a ƙure shi, yakan kwana bakwai yana rubutu. Ya zana taswirar gari ƙofa-ƙofa, ya rubuta tarihin sarakunansa, ya tsara cewa 'yan wasa za su shiga ta ƙofar gabas su gamu da wani tsoho ya ba su wasiƙa. Ranar wasa sai ɗaya daga cikinsu ya ce shi ba ya shiga garin, daji zai bi. Nan take aikin mako guda ya tashi a banza. Daga nan jagora yana da zaɓi biyu, ko ya jefar da abin da ya rubuta, ko ya tilasta wa mutane su bi ta inda ya tsara, ya ce dajin ya kama da wuta, gadar ta karye, ba hanya sai ƙofar gabas. Masu wannan wasa suna kiran irin wannan tilasci ɗora mutane a kan layin dogo, watau jirgi ba ya zuwa ko'ina sai inda ƙarfe ya nufa. 'Yan wasa ba sa daɗewa ba su gane cewa shawararsu ba ta da amfani ba, da sun gane kuwa sha'awarsu ta tafi. Shi ma jagoran ba zai jure irin wannan wahala kowane mako ba, sai ya fara ba da uzuri, zama ya mutu.

Kuskure na biyu shi ne na wanda ya dogara da kaifin bakinsa kaɗai. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai tanadi kome ba yakan manta sunan da ya ba sarkin kasuwa a makon jiya, ya ce kogi yana gabas yau, gobe ya mai da shi yamma, ya ƙulla wani sirri alhali shi kansa bai san warwararsa ba. Labari sai ya yi ta kewaye-kewaye, ana ta magana ba a zuwa ko'ina.

ABIN DA MAGABATA SUKA SANI

Ko da yake wasan baƙo ne, matsalar ba baƙuwa ba ce, kuma Hausawa sun daɗe da samo mata magani. A duba tsohuwa mai tatsuniya. Idan ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara suka amsa, ba wata hadda ta kawo ba. Abin da ta riƙe da kyau shi ne halin kowa: Gizo mai wayo ne da haɗama, Ƙoƙi mai haƙuri ce da shi, kura ga ƙarfi ga wauta ga tsoro. Ta kuma san mafarin labari da inda rikici zai ƙullu. Sauran kuwa a wurin take ƙaga shi, tana duban fuskokin yara, in sun yi dariya ta ja wurin, in barci ya fara ɗaukarsu ta gajarta. Ko yaro ya katse ta ya tambayi abin da Gizo zai yi in ya gamu da zaki a hanya, ba za ta rasa amsa ba, domin ta san Gizo.

Wasan kalankuwa ya ma fi kusa da abin da ake magana. Bayan an kawar da amfanin gona samarin ƙauye sukan naɗa sarkinsu da alƙalinsu da dogarawansu, a zamanin Turawa har da Gwamna da Di'o, a yi kwanaki ana kawo ƙara ana yanke hukunci ana cin tara. Ba wanda ya rubuta wa alƙalin kalankuwa abin da zai faɗa. Abin da aka shirya shi ne muƙamai da wuri da ƙa'ida, kowa ya san matsayinsa, shari'a kuma ta zo yadda ta zo. Haka wasan gauta yake a gidajen sarauta, inda mata ke kwaikwayon sarki da fadawansa. Shirinsu duka lura ce, yadda wane yake tafiya, yadda wane yake gaisuwa. Haka kuma tashe, wanda yara da samari ke farawa daga goma ga watan azumi. Kayan shiga da waƙa an tanade su, amma abin da za a ce wa maigida ya danganta da yadda ya karɓi masu wasan.

DAGA KADUNA ZUWA DAMAGARAM

Da rediyo da talbijin suka zo, an samu rubutattun wasanni, irin su Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Malam Shu'aibu Maƙarfi, waɗanda aka buga a 1959 da 1960. Amma akasarin wasannin da jama'a suka fi so a shekarun 1970 da 1980 ba a rubuta maganganunsu kalma-kalma ba. 'Yan wasa sukan zauna su amince a kan ƙashin bayan labari, fitowa ta ɗaya kaza, ta biyu kaza, sa'an nan kowa ya cika da bakinsa. Abin da ya sa wannan ya yiwu shi ne kowane ɗan wasa yana da hali guda da ya riƙe shekara da shekaru. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, tsohon soja ne, saboda haka da ya fito a matsayin Samanja Mazan Fama bai bukaci a koya masa Hausar bariki ko tsawar faretin safe ba. Marigayi Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, da Karkuzu na Bodara na gidan talbijin na Jos, kowannensu mai kallo ya san abin da zai iya yi da abin da ba zai taɓa yi ba. Shirinsu na gaskiya sanin mutumin da suke fitowa a matsayinsa ne.

A Jamhuriyar Nijar ma haka abin yake. Wata Ba'amurkiya mai bincike, Janet Beik, ta buga littafi a 1987 a kan wasan kwaikwayon Hausa na can, inda ta bi ƙungiyoyi irin ta gidan rediyon Damagaram, wadda Yazi Dogo ya yi suna a cikinta. Ta nuna cewa a wurin gwaji ake gina wasan, ana tattaunawa ana ƙagawa ana gyarawa, ba tare da rubutattun maganganu ba. Ko a Turai wannan tsohuwar hanya ce. 'Yan wasan barkwanci na Italiya sun yi ta amfani da taƙaitaccen tsari maimakon cikakken rubutu, har wani daga cikinsu, Flaminio Scala, ya tara irin waɗannan tsare-tsare guda 50 ya buga a 1611.

DARASIN ZARIYA

Wurin da aka fi ganin illar shiri mai yawa shi ne aikin da sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi a ƙauyuka. A 1977 malamai irin su Michael Etherton da Brian Crow tare da ɗalibansu suka yi abin da suka kira Wasan Manoma a ƙasar Soba. Ɗalibai sun je sun ji matsalolin manoma, suka koma suka haɗa wasanni, suka kawo su a kammale. Manoma sun kalla sun yi dariya, amma a matsayin 'yan kallo suka zauna, domin an riga an ƙulla an kwance tun a Samaru. A ayyukan da suka biyo baya, a Maska da Bomo, sai aka riƙa rage abin da ake kammalawa. Akan kai wasa inda rikici ya yi tsanani a tsaya, a tambayi mutanen gari me ya kamata wannan manomi ya yi, wanda ya kawo shawara a gwada ta nan take a cikin wasan a ga inda za ta kai. Wannan ya yi kama da hanyar Augusto Boal na ƙasar Brazil, wanda ya koyar da cewa mai kallo ya tashi ya shiga wasa. Abin lura shi ne masu aikin ba su daina shiri ba. Bincikensu a kan taki da bashi da gonaki ƙaruwa ya yi. Abin da suka daina shiryawa shi ne ƙarshe.

Gogaggun jagororin wasan tebur a Amurka sun iso wannan matsaya ta tasu hanyar. Wani marubuci, Justin Alexander, ya ba da shawara a 2009 cewa jagora ya shirya halin da ake ciki, kada ya shirya jerin abubuwan da dole su faru. Tun a 2008 ya kawo wata ƙa'ida, cewa duk wani sirri da ake so 'yan wasa su gano a ajiye masa alamu uku a wurare dabam-dabam, domin ta farko za su wuce ba su gani ba, ta biyu za su yi biris da ita, ta uku kuma za su yi mata gurguwar fahimta. Wani kuma, Mike Shea, a littafinsa na 2018 mai suna Return of the Lazy Dungeon Master, ya taƙaita shiri zuwa matakai takwas. Na farkonsu shi ne sake duba mutanen da 'yan wasa suka ɗauka, na biyu tanadin mafari mai ƙarfi, a cikinsu kuma akwai rubuta ƙananan sirrika guda goma ba tare da an ƙayyade inda za a same su ba.

MISALI DAGA TARIHIN KEFFI

A ɗauka wani malami a Garaku yana so ya gwada wannan wasa da ɗalibansa huɗu. Ba sai ya je neman dodannin Turawa ba, tarihin da ke kusa da shi ya isa. A watan Oktoba na 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney, wakilin Turawan Ingila a garin, ya fita ya nufi Kano, inda Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa. Wannan na cikin dalilan da Lugga ya kafa wajen yaƙar Kano, wadda Turawa suka ci a watan Fabrairu na 1903. Shi kuwa Magaji ya rasu a yaƙin Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Har yau akwai dutse a Keffi da ake kira da sunan Moloney.

Malamin zai iya ce wa ɗalibansa su fatake ne, ɗaya madugu, ɗaya jagaba, ɗaya uban dawaki, ɗaya malamin ayari, sun taso da gishirin Keana a kan jakuna sun iso Keffi a ranar da abin ya faru. Abin da zai rubuta bai wuce shafi ɗaya ko biyu ba. Da farko wurare uku: zango, kasuwa, da ƙofar gari. Sa'an nan mutane huɗu ko biyar, kowa da suna da abin da yake so da abin da yake tsoro, misali fatoma mai son a biya shi kafin gari ya watse, da wani baran Magaji wanda fataken ke bi bashi, da tsohuwa mai fura wadda ta ga abin da ya faru amma tana tsoron magana. Na uku, abin da zai auku idan fataken ba su yi kome ba: da yamma a rufe ƙofofi, da safe sojoji su fara kame, wanda ake bi bashin kuma ya bi ubangidansa arewa. Na huɗu, alamu uku da za su nuna inda ya ɓuya. Na biyar, mafari, watau suna cikin sauke kaya sai suka ji ƙarar bindiga daga wajen fada.

Daga nan sai ya rufe littafi. Ko fataken za su bi bashinsu har Kano, ko za su ɓoye mutumin a cikin kayan gishiri, ko za su tona shi su tsira da jakunansu, wannan nasu ne. Duk wanda suka zaɓa malamin yana da amsa, domin ya san abin da kowane mutum a garin yake so. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Abin da bai samu shiga wasan yau ba kuma ba asara ba ne, tsohuwa mai fura tana nan tana jiran mako mai zuwa.

INDA YA KAMATA A ƘARA ƘOƘARI

Ba kowane shiri ne za a taƙaita ba. Idan labari ya taɓa tarihi na gaskiya, wajibi ne jagora ya karanta ya tabbatar, domin yara za su tashi da abin da suka ji a bakinsa. Idan labarin na gano mai laifi ne, dole ya san tun farko wane ne ya yi, yaya ya yi, in ba haka ba alamun za su ci karo da juna. Haka kuma a wuri irin Kokona, inda Gwandara da Mada da Eggon da Hausawa da Fulani ke zaune tare, Musulmi da Kirista, jagora mai hankali zai yanke tun kafin a zauna abin da ba za a yi wasa da shi ba, ya kuma gaya wa 'yan wasansa, kada raha ta koma gori. Sabon jagora zai bukaci rubutu fiye da tsohon hannu, wannan ba aibu ba ne. Ma'aunin da zai yi amfani da shi mai sauƙi ne: bayan kowane zama ya duba takardarsa, ya ga abin da ya yi amfani da shi da abin da bai taɓa ba, mako mai zuwa ya rage na biyun. Idan kuwa ya ga lokacin da yake ɓatawa wajen shiri ya fi na wasan kansa, to ya fara rubuta littafi ne, ya bar wasa.

Dalilin da ya sa wannan magana ta wuce ta nishaɗi kawai shi ne, hirar dare da tatsuniya sun ja baya a garuruwa da yawa, yara sun saba da kallon abin da wani ya gama shiryawa a allon waya. Wasan da zai sa yaro ya tsaya a matsayin madugu, ya auna riba da amana, ya yanke shawara da bakinsa cikin Hausa mai kyau, ya kuma ga abin da shawarar ta jawo, makaranta ce babba. Amma ba za ta yi aiki ba sai jagora ya bar masa gurbin da zai cika. Ya tanadi gari da mutanensa da matsalarsu kamar yadda tsohuwa ta tanadi Gizo da Ƙoƙi, sa'an nan ya yi haƙuri ya saurari abin da yaran za su yi da su. Allah ya ba malamai da shugabannin samari basirar yin haka.